Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Yadda Babba Zai Zaɓi Makarantar Injiniyan Jiragen Sama

Ga abin da muka tattauna a filinmu na ilimi da sana'o'i na wannan mako. Mun rubuta shi domin wanda bai samu kama tashar ba, da wanda ya saurara amma yake son sunayen makarantun su zauna masa a takarda.

Batun shi ne karatun injiniyan jiragen sama da na sararin samaniya ga mutumin da ba jiya ya gama sakandare ba. Wato kai bakanike da ka shekara 10 a gareji a Kano ko Maraɗi, ko kai mai difiloma da ke aikin wata, ko tsohon soja, ko ke da aure ya katse miki karatu bayan kin ci darussan kimiyya. Da yawanku yayyena ne, wasu ma sa'o'in iyayena, saboda haka bayani ne kawai muka tattaro muku, hukunci naku ne. Gemu ba ya hana ilimi, wannan haka yake. Sai dai yaro ɗan shekara 18 in ya faɗa makarantar da ba ta dace ba yana da lokacin sake lale, kuma mahaifinsa ke ciyar da shi. Kai kuwa in ka kuskure, shekara 5 ta tafi, jarin da ka karya ya tafi, ga iyali suna jiran cefane.

Wane aikin kake nufi?

Idan mutum ya ce yana son karatun jirgin sama, sau da yawa abu huɗu ne ya haɗa a baki ɗaya, alhali kowanne da makarantarsa.

Akwai matuƙi. Shi lasisi yake nema, da sa'o'in tashi, da gwajin likita mai tsanani, kuma karatunsa ya fi kowanne tsada. Akwai ma'aikatan ƙasa: mai ba jirage umarni daga hasumiya, mai hasashen yanayi, da mai kula da na'urorin sadarwa da rada. Akwai injiniyan gyara, wanda ke kwance inji ya ɗaura, ya duba ƙafafun sauka da wayoyi, ya sa hannu a littafi cewa jirgin nan ya cancanci tashi. Sa hannun nan ba digiri ke ba da ikonsa ba, lasisi ne daga hukumar sufurin sama, NCAA a Najeriya ko ANAC a Nijar, bayan horo da aikin hannu da jarrabawa. Na huɗu shi ne injiniyan ƙira, mai zana jirgi ko roka ko tauraron ɗan adam tun daga takarda, ya lissafa, ya gwada. Wannan na ƙarshe shi ne digirin da ake magana.

To ka tsaya ka tambayi kanka. In abin da ke burge ka shi ne sifana a hannu da ƙarar inji, hanyar gyara ta fi kusa da kai, ta fi gajarta, kuma shekarun da ka yi a gareji za su yi maka rana. In kuwa kai mai son sanin dalili ne, me ya sa fiffike ya lanƙwashe haka, to ƙira ce taka, amma ka shirya wa lissafi.

Me ake karantawa a ciki?

Shekarun farko kusan duk lissafi ne da fiziks da zanen injiniya, tare da sauran ɗaliban injiniya. Daga baya ake shiga ainihin fannin. Za ka karanci yadda iska ke bin jikin fiffike har ta ɗaga ƙarfe mai nauyin tan da yawa. Za ka karanci ƙarfin gangar jirgi, yadda za ta yi rashin nauyi kuma ba ta tsage ba bayan dubban tashi da sauka. Sai injuna, da na'urorin da ke daidaita jirgi a sama, da lissafin kewayen duniya. Misali, tauraron ɗan adam da ke kewaye kusa da duniya yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, shi kuwa na sadarwa, irin wanda kwanon talabijin ɗinka ke fuskanta, yana can nisan kusan kilomita 36,000 saman tsakiyar duniya, inda gudunsa ya yi daidai da juyawarta, shi ya sa kake ganin kamar a tsaye yake.

Kada ka ɗauka karatun bai shafi ƙasarmu ba. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka jirgin da zai tashi daga Agadas ko Sakkwato da tsakar rana a watan Afrilu yana buƙatar gudu mai tsawo a kan titi, ko a rage masa kaya. Ƙurar da muke shaƙa da hunturu ita ma tana cin fuka-fukan cikin inji sannu a hankali. Duk wannan lissafi ne da injiniya ke yi.

Makarantun da ke kusa da mu

A Kaduna akwai Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama, AFIT. Ta sojoji ce amma tana ɗaukar farar hula, tana da digirin injiniyan jiragen sama, tana da difiloma, tana da karatun gaba da digiri. A Kadunar ne rundunar sojin sama ta ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a 2018. A Zariya akwai Kwalejin Fasahar Sufurin Sama, NCAT, wadda aka kafa a 1964. Ita gidan matuƙa ce da injiniyoyin gyara da ma'aikatan hasumiya. Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete tana da sashen injiniyan jiragen sama da kumbo. Digirin injiniya a Najeriya shekara 5 ne ga wanda ya fara daga ajin farko.

A Yamai akwai EAMAC, makarantar hukumar ASECNA, wadda ke aiki tun 1963. Tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, da masana yanayi, da masu aikin na'urorin lantarki na filayen jirgi, ga ƙasashen hukumar, ciki har da Nijar da Cadi da Kamaru. Da gasar jarrabawa ake shiga, da Faransanci ake karatu, kuma ka lura ba makarantar ƙirar jirgi ba ce. A Kumasi ta ƙasar Gana, jami'ar KNUST tana da digirin wannan fanni na shekara 4. A Adis Ababa kamfanin jiragen Habasha yana da tasa makarantar, wadda ta yi suna wajen horar da matuƙa da masu gyara. Ɗaliban Nijar da Cadi sukan duba arewa: jami'ar Bilida a Aljeriya tana da cibiyar nazarin jiragen sama da sararin samaniya, Maroko kuma tana da masana'antun haɗa sassan jirage a kusa da Kasabalanka. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan a Khartum ta daɗe tana koyar da fannin, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa karatu a birnin.

Ga wanda ya riga ya yi digiri a kimiyya ko injiniya kuma taurarin ɗan adam ke ransa, akwai cibiyoyi biyu masu alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya, duka an kafa su a 1998: ta masu Ingilishi a jami'ar Ile-Ife, ta masu Faransanci a Rabat. Kwasa-kwasansu na watanni ne, abin da ya fi sauƙi ga mai iyali.

Wata hanyar da ba a cika faɗa ba

Masana'antar jirage ba masu wannan digirin kaɗai take ɗauka ba. Cike take da injiniyoyin kanikanci, da na lantarki, da masu rubuta manhajar kwamfuta. Saboda haka kana iya yin digirin kanikanci ko lantarki a jami'ar da ke garinku, ABU Zariya ko Bayero a Kano, ko makarantar EMIG a Yamai, kana kwana a gidanka, sannan ka ɗora digiri na biyu na shekara ɗaya ko biyu a fannin jirage. Jami'ar Cranfield ta Ingila, alal misali, ta shahara ne da irin wannan karatu na gaba da digiri. Amfanin wannan hanya ga magidanci shi ne, in aikin jirgi bai samu ba, kamfanin siminti ko na wuta ko matatar mai za su karɓi takardarka. Mai digirin jirage zalla shi ma yana iya neman waɗannan ayyuka, amma sai ya yi ta bayani kafin a gane abin da ya karanta.

Ta wace ƙofa za ka shiga?

A Najeriya ana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Ingilishi da lissafi da fiziks da kemistiri, yawanci a zama ɗaya ko biyu. In naka bai cika ba, WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, ba sai ka koma ka sa kayan makaranta ba. Daga nan sai JAMB, inda waɗannan darussa huɗu za ka rubuta. Wanda ke da difiloma ta ƙasa ko babbar difiloma a fannin injiniya, ko sakamakon IJMB, yana iya neman shiga kai tsaye, abin da ɗalibai ke kira DE, a fara da shi daga aji biyu, wani lokaci aji uku. Kowace makaranta da nata sharaɗin a kan wace difiloma take karɓa da wane mataki, don haka ka nemi amsar a rubuce daga ofishin ɗaukar ɗalibai kafin ka sayi fom. Mai babbar difiloma yana da wata hanyar kuma: difilomar gaba da digiri, daga ita sai digiri na biyu.

A Nijar da Cadi da Kamaru, bak ɗin kimiyya ake tambaya, wato C ko D ko na fasaha, kuma babba yana iya zama jarrabawar a matsayin mai zaman kansa. Jami'o'in Gana suna da ƙofa ta musamman ga wanda ya kai shekara 25, da jarrabawar shiga tasu, sai dai ka tambaya ko kwas ɗin da kake so yana cikin waɗanda ake shiga ta nan.

Amma kafin duk wannan, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ari littafin lissafi da na fiziks na ajin ƙarshen sakandare wajen ƙaninka ko ɗanka. Ka ba shi awa biyu kullum bayan sallar asuba ko bayan isha'i, har wata uku. In ka ga kan yana buɗewa, alhamdu lillahi. In kuma awa biyun ce ta gagara saboda kasuwa da hidimar gida, to ka san jadawalin jami'a ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba, sai ka gyara tsarin rayuwar tukuna. Mai karatun Faransanci ya haɗa da Ingilishi, domin littattafan gyaran Boeing da Airbus da Ingilishi ake rubuta su.

Takardar tana da daraja?

Nan ne ake cutar mutane. A Najeriya, hukumar NUC ke amincewa da kwasa-kwasan jami'a, NBTE na kwalejojin fasaha, COREN kuma ita ke tantance karatun injiniya ta yi wa injiniyoyi rajista. Abin da za ka bincika shi ne kwas ɗin kansa, domin jami'a tana iya zama halastacciya alhali wani sabon sashe nata bai samu amincewa ba. A 2023 COREN ta samu matsayin mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washinton, wadda cikakkun mambobinta ke mutunta digirin injiniyan juna. A ƙasashe masu Faransanci, ka tambaya ko CAMES ta amince da takardar. Makarantar gyaran jirgi kuwa, dole hukumar sufurin sama ta ƙasar ta san da ita, in ba haka ba ba za a bar ka ka zauna jarrabawar lasisi da takardarta ba.

Mu da ke bakin iyaka sai mun ƙara kula. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni kaɗan. Abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Don haka kafin ka tsallaka, ka je ma'aikatar ilimi ta ƙasar da za ka yi aiki a cikinta, ka tambaya ko za ta karɓi takardar. Duk wanda ya ce zai ba ka digirin injiniyan jirgi cikin shekara ɗaya, ko ta waya kaɗai ba ɗakin gwaji, kuɗinka yake so.

Inda shekaru ke aiki

Jami'o'in farar hula ba su cika sa iyakar shekaru ta sama ba. Tallafin karatu ne ke sawa. Na gwamnatin Turkiyya yana son mai neman digirin farko ya kasance ƙasa da shekara 21, na biyu ƙasa da 30, na uku ƙasa da 35. Na gwamnatin Sin yakan tsaya a 25 ga digirin farko, 35 ga na biyu. Ka ga ke nan ɗan shekara 28 ya wuce layin farko amma bai wuce na biyu ba, kuma wannan wani dalili ne na yin digirin farko a gida. Gasar shiga makarantu irin EAMAC da ɗaukar hafsoshin soja su ma sukan zo da iyakar shekaru, sai ka karanta sanarwar shekarar da kyau.

Ɗan Najeriya da ya gama digiri bayan ya haura shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa. Takardar yafewa NYSC ke ba shi, kuma tana da muhimmanci wajen neman aiki, kada ka bar ta.

Masu hangen Amurka, ga abin da dillalan biza ba sa faɗa. Akwai makarantu masu kyau, irin su Embry-Riddle a jihar Fulorida, kuma manya a can sukan fara da ƙaramar kwaleji ta shekara 2 mai rahusa kafin su koma jami'a. Amma dokar ƙasar ta hana baƙo taɓa yawancin ayyukan roka da tauraron ɗan adam da jiragen yaƙi, sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin. Kana iya cin bashi ka gama da sakamako mai kyau, a ce maka ba ka da izinin shiga ɗakin aikin.

Lissafin aljihu

Kuɗin makaranta shi ne ƙaramin kaso. Babban shi ne abin da za ka daina samu. A ce sana'arka tana kawo maka naira 100,000 a wata. Shekara 5 wata 60 ke nan, naira miliyan 6 da ba za su shigo ba, ban da haya da littattafai da kwamfuta mai ƙarfin ɗaukar manhajar zane. Mai lissafi da sefa ko sidi ya yi nasa haka. Karatun injiniya na yini ne, akwai ɗakin gwaji da rana, akwai watannin koyon aiki a masana'anta, don haka kada ka dogara da cewa za ka riƙa buɗe shago kullum. Wanda ya tsallaka iyaka kuma kuɗin baƙo zai biya, wanda yakan fi na ɗan ƙasa. Ɗan Najeriya a makarantar gwamnati yana iya neman rancen NELFUND da ya fara aiki a 2024, ɗan Nijar kuma ya tuntuɓi hukumar ANAB kan sharuɗɗanta.

Ku zauna da uwargida ko maigida a yi wannan lissafi tare, da iyaye in suna raye. Wa zai riƙe shagon? Wa zai kai yara makaranta? Ke 'yar'uwa mai goyo, ki tambaya ko akwai masauki na matan aure ko wurin renon yara kusa, domin lacca ta ƙarfe takwas ba ta jiran kowa. A sa har da shekarar da za a iya ƙarawa saboda yajin aiki ko faɗuwa wani darasi.

Aikin fa, yana ina?

Gaskiya ita ce ba a ƙera manyan jiragen fasinja a Afirka ta Yamma. Ayyukan da ke ƙasa su ne gyara da kula da jirage a kamfanonin sufuri, hukumomin filayen jirgi, rundunonin sojin sama, koyarwa, da hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999. Ita ta mallaki NigeriaSat-1 da aka harba a 2003, kuma injiniyoyinta da aka horar a Ingila su suka haɗa NigeriaSat-X da aka harba a 2011. A 2017 ƙananan taurarin da ɗaliban Gana da na Najeriya suka haɗa tare da wata jami'ar Japan sun shiga sararin samaniya. Fannin da ke buɗewa yanzu shi ne jirage marasa matuƙa: kamfanin Zipline ya fara kai jini da magunguna da su a Gana a 2019, a jihar Kaduna kuma a 2022, ga masu awon filaye da masu duba gonaki. Gurabun ba su da yawa, kuma wanda ya iya aiki da hannunsa ya iya manhaja shi ke gaba.

Ka je da ƙafarka

Hoton da ke jikin takardar talla ba shaida ba ne. Ka ware kuɗin mota ka je makarantar ranar aiki. Ka nemi ganin bututun gwajin iska, da injin jirgi na koyo, da ɗakin kwamfuta, ka tambaya yaushe aka kunna su na ƙarshe. Ka tambaya malamai nawa ne na dindindin a sashen, nawa ne na aro. Ka samu 'yan ajin ƙarshe a wajen mai shayi, ba a gaban malami ba, ka ji inda suka yi koyon aiki da inda waɗanda suka gama bara suke yanzu. Ka tambaya ko ana iya jingine zango guda in rashin lafiya ko haihuwa ta taso, a dawo a ɗora. Ka kuma shirya zama aji ɗaya da sa'o'in ƙannenka, wataƙila malamin ma ka girme shi. Su sun fi ka saurin lissafi, kai ka fi su sanin yadda ƙarfe ke yi in ya ɗau zafi, kuma a aikin rukuni kowa zai buƙaci ɗan'uwansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, filin zai duba lasisin gyaran jirgi daki-daki: matakansa, tsawon horon, da yadda mai lasisin wata ƙasa ke neman a amince da shi a wata. Mai tambaya ya aiko ta lambobin tashar da kuka saba, ya faɗi garinsa da takardar da ke hannunsa, domin amsar ta dace da shi. Allah ya ba mai nema sa'a. A huta lafiya.